Tambaya Ɗaya Tak ta Loretta

Loretta Yablonski tana tsaye a kicin tana soya albasa wayar gidan ta yi ƙara, ta ɗauka da niyyar wanke mai kiran tas. Tun shigowar watan Satumba masu tambayar ra'ayin jama'a suka hana ta sakat. Saura makonni huɗu a zaɓi shugaban ƙasa, kuma duk faɗin garinmu na Brady Falls, a nan jihar Ohio, babu wanda bai san inda ƙuri'arsa za ta faɗa ba sai ita kaɗai.

"Uwargida Yablonski? Har yanzu ba ki tsayar da wanda za ki zaɓa ba?"

"Ɗan nan, sau nawa zan gaya muku? Ban tsayar ba. Kuma albasata na kan wuta."

"Madalla!" in ji mai kiran, kamar ta yi masa albishir. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa za a yi muhawara a babban birnin jiha. 'Yan takarar biyu za su tsaya a tsakiyar zaure, mutum tamanin da ba su yanke shawara ba su zagaye su, kuma su ne za su yi tambayoyin. Sunanta ya fito. Za a aiko mota, a ba ta masauki, ƙasa duka za ta kalla a talabijin.

Albasar dai ta ƙone ƙurmus. Loretta ta faɗo falo da cokali a hannu tana ƙwala kira, "Walt! Walt! Zan tsaya a gabansu! Ni, da bakin nan nawa!" Shekara ashirin da shida tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, muryarta ta saba ratsa ihun yara hamsin ta isa kujerar ƙarshe, don haka maƙwabta gida uku suka ji labarin tare da mijinta.

Rashin yanke shawarar Loretta ba sakarci ba ne, duk wanda ya wuce ta ƙofar gidanta ya ga dalili da idonsa. Allunan kamfen biyu ne a kafe a kan ciyawar gaban gidan. A hagun hanya shuɗin allo, na Walt mijinta. A dama jan allo, na 'yarsu Denise, wadda ta dawo gida da cikinta wata shida tun da aiki ya kai mijinta Alaska. A gidan ma an daina kiran 'yan takarar da sunayensu, sai Ja da Shuɗi. Ja ya ce in ya ci zai sa iyaka ga diyyar da kotu ke yanke wa likitoci, don ƙararraki sun yi yawa, kuɗin inshora yana korar likitoci daga ƙananan garuruwa. Shuɗi ya ce wanda likita ya nakasa, babu ɗan siyasar da ya isa ya yi wa ciwonsa farashi. Sauran mutane a rediyo suke jin wannan su wuce abinsu. A gidan Yablonski kuwa da shi ake cin abinci safe da yamma.

Domin duk maganar a kan mutum ɗaya take, Dakta Elwood Hostetler. Shi kaɗai ne likitan da ke karɓar haihuwa a gundumar nan, Denise ɗin ma a hannunsa ta faɗo. Shekara talatin, kowace Asabar shi da Walt suna bakin kogi da fatsa, suna gasar ƙarya a kan girman kifin da ya kuɓuce. Shekara biyu da suka wuce Walt ya taka ƙusa a wurin aikinsa na walda, ga shi da ciwon suga. Ya je wurin abokinsa ran wata Juma'a, ya tarar da shi yana ta sauri, wata mata na naƙuda. Dakta ya leƙa ƙafar a tsaitsaye ya ce, "Ba komai, shafa wannan, gobe mu haɗu a kogi." Bayan kwana goma sha ɗaya aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Walt ya rasa aikinsa, ya kai ƙara don ba shi da wata mafita. Daga ranar kamfanin inshora ya sa wa Dakta takunkumi: kada ya je gidan, kada ya buga waya, uwa uba kada kalmar ban haƙuri ta fito daga bakinsa, don a kotu amsa laifi ce. Yanzu kuma kuɗin inshorarsa ya ninka, ya manna takarda a ƙofar asibitinsa cewa ƙarshen Disamba zai rufe, ya koma wurin ƙanwarsa a Arizona. Denise kuwa a Janairu za ta haihu, kuma asibiti mafi kusa tafiyar awa ɗaya da rabi ce a kan ƙanƙara.

Akwai abin da Loretta ta sani wanda ba a faɗa a kan tebur. Fatsar Dakta tana nan rataye a garejin Walt inda ya bar ta Asabar ɗinsu ta ƙarshe, kuma ta sha leƙawa ta ga Walt yana goge ta da tsumma yana ɗiga mata mai. Shirun abokinsa ya fi rashin ƙafar cin ransa. Babban tsoronta shi ne Disamba ta zo, mutumin nan ya loda kayansa ya tafi, su rabu ke nan ba wanda ya ce wa wani uffan.

Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka. Mutanen da shekara goma ba su taka ƙofar gidan ba suka yi ta sallama da kek ɗin tuffa, kowa da tambayarsa a aljihu. Wannan gadar da ta lalace, wancan farashin mai, wani tsoho ma so yake a tambayi dalilin da ya sa ake matsar da agogo gaba da baya sau biyu a shekara. Loretta ta karɓi kek, ta yi godiya, ta zubar da tambayoyin. Daɗi kuwa kamar ya kashe ta. Ran Talata Bernadette mai gyaran gashi, ƙawarta tun suna aji ɗaya, ta tare ta a titi ta ja ta shago.

"Zauna nan. Ba za ki shiga talabijin da kan nan kamar akurkin kaji ki ja mana zagi ba."

"Tambaya aka kira ni in yi, Bernie, ba tallan gashi ba."

"Tambayarki kwana biyu an manta. Gashi kuwa har jikokinki sai sun gani. Daina motsi."

Ran Laraba da yamma aka zauna cin abinci, nan aka yi ta.

"Ɗauko biro ki rubuta," in ji Walt, yana ƙwanƙwasa ƙafar robarsa da cokali. "Ki dubi Ja cikin ido ki ce, 'Yallaɓai, nawa ka yi wa ƙafar mijina kuɗi?' Shi ke nan, kada ki ƙara komai. Ki ga yadda zai jiƙe da gumi."

"Baba, kai dai ƙafa, ƙafa," in ji Denise. "Mama, Shuɗi za ki tambaya, wa zai karɓi haihuwata a Janairu? Ko lauyan Baba ne zai zo da safar hannu?"

"Lauyana ya fi wani iya duba ƙafa."

"To ya zo ya duba cikin nan mu gani!"

"Ke da allonki ja kamar bakin kaza, ubanki ne fa aka yanke!"

"Jikanka ne kuma za a haifa a bayan mota!"

Loretta ta buga tebur. "Kowa ya zauna a kujerarsa!" Cokula suka yi tsalle, uba da 'ya suka yi tsit kamar 'yan aji uku. Ta rubuta tambayoyin duka biyu, ta sa a jaka. Gaba kura, baya siyaki.

Ran Alhamis tun da safe aka tara su su tamanin a wani ɗaki, aka karɓe wayoyinsu, aka ba su burodi da naman talo-talo mai sanyi. Wata doguwar mata mai tabarau, kai ka ce shugabar makaranta ce, ta karanta musu ƙa'ida. Kowa zai rubuta tambaya biyu a kati biyu, ɗaya ga kowane ɗan takara. Alƙalin muhawara ne kaɗai zai gani, shi zai zaɓa, kuma mutum goma sha biyar kawai za a kira. Wanda aka kira zai karanta abin da ke katinsa harafi da harafi, yana rufe baki a kashe masa makirfo. Babu tafi, babu ihu. Loretta ta kwafe na Walt a kati ɗaya, na Denise a ɗayan, ta miƙa, ta riƙe kwafinsu a tafin hannu har suka yi laushi da gumi.

Da aka shigar da su zauren sai da ta dafe ƙirji. Fitilu kamar rana tsaka, jan kafet, kyamarori suna yawo a kan tayoyi kamar masu rai. Sai ga su sun fito, Ja ta nan, Shuɗi ta can, suna murmushi suna ɗaga hannu. Ashe duk gajeru ne! Ja bai fi Walt tsawo ba, Shuɗi kuwa an shafa masa hoda har kunne. Loretta ta toshe baki don kada dariya ta ƙwace mata. Ita kanta ba ta san addu'ar da take yi ba, a kira ta ko kada a kira ta.

Aka yi tambayar yaƙi, aka yi ta haraji, aka yi ta makarantu. Mutum shida sun wuce. Sai alƙalin ya duba takardarsa ya ce, "Uwargida Loretta Yablonski, ga tambayarki," ya nuna Ja.

Katin Walt ke nan.

Ta miƙe, aka miƙo mata makirfo. Ta ɗaga katin ta ce, "Yallaɓai," sai ta tsaya. Nawa ka yi wa ƙafar mijina kuɗi. Tambaya ce mai kyau, mai kaifi, Ja zai yi gumin kuwa. Amma ba Ja kaɗai ke saurare ba. A wani gida da ke bayan coci a Brady Falls akwai tsohon likita zaune gaban talabijin, zai ji matar abokinsa ta tofa masa yawu a gaban ƙasa duka. Ba zai jira Disamba ba ma. Ta ninke katin biyu, ta tura shi aljihu.

"Ku yi haƙuri, ba wannan zan karanta ba. Ku biyun nake tambaya. Mijina yana da aboki likita..."

"Uwargida," in ji alƙalin, "ƙa'idar ita ce..."

Makirfon ya mutu a hannunta. Ta dube shi, ta miƙa wa wani manomi da ke kusa da ita. Su waɗannan mutane ba su san da wa suke yi ba. Matar da ta raba faɗa a kujerar ƙarshe tana kan sitiyari, ana ruwan sama, injin bas na ruri, ita za a kashe wa makirfo?

"Ni direbar bas ce, ba na buƙatar abin nan!" Muryar ta daki bango ta dawo, ta shiga makirfon 'yan takarar duka biyu. "Abokin nan ya yi kuskure, mijina ya rasa ƙafa. Shi ya sani, mu mun sani. Shekara biyu ke nan mijina yana goge fatsar mutumin nan a gareji, shi kuwa an ce in ya buɗe baki ya ce a yafe masa, da maganar za a ɗaure shi a kotu. Kai ka ce a rage diyya, kai ka ce kada a rage, duk na ji, a gidana ma kullum ji nake. To a cikinku wa zai sa mutum ya iya ba abokinsa haƙuri ba sai ya nemi izinin lauya ba? Wanda ya amsa mini wannan, ƙuri'ata tasa ce!"

Zauren ya yi tsit, har ƙugin fitilu ana ji. Sai manomin nan ya ajiye makirfon a cinya ya soma tafi, wuri ya ɗauka gaba ɗaya, mai tabarau tana ta ɗaga hannu a banza. Loretta ta zauna, fuskarta kamar an hura wuta.

Amsa kuwa? Ja ya gode mata da hidimar da take wa yaran ƙasa, ya zame ya koma kan haɗamar lauyoyi har mintinsa biyu suka cika. Shuɗi ya dafe ƙirji ya ce ciwonta ciwonsa ne, ya zame ya koma kan haɗamar kamfanonin inshora. Kowa ya rera waƙar da ya haddace tun daga gida. Tambayar tana nan a tsakiyar kafet inda ta ajiye ta, ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Ran Juma'a da tsakar rana motar ta sauke ta a gari. Tun daga gidan mai ake danna mata hon. 'Yan kwana-kwana, waɗanda a zaurensu rabin gari ya taru ya kalla, suka kunna mata jiniya. Bernadette ta fito da gudu da almakashi a hannu tana ihu, "Gashin, Loretta! Kin ga yadda gashin ya tsaya? Kina ta masifa ko gezau bai yi ba!" Loretta ta yi dariya har da hawaye, ta rungumi wannan ta rungumi wancan. Amma tana juyowa layinsu dariyar ta ƙare.

Walt yana zaune a baranda, bai ɗago ba.

"Tambaya ɗaya na ba ki," in ji shi. "Kalma bakwai. Kika je kika tona mini asiri a gaban duniya. Fatsar ma sai da kika faɗa."

"Ƙarya na yi?"

Ya kau da kai. Denise ta leƙo ta taga. "Ni kuwa, Mama, ko ambatona ba ki yi ba."

Ranar an ci abinci ba faɗa, ba kuma magana. Loretta ta wanke kwanuka ranta a ɓace. Dama ɗaya a rayuwa, ta je ta yi biyu babu, sai gashi mai kyau.

Asabar da hantsi tana shara a baranda, Walt na kan kujerarsa da kofin kofi, sai ta ji ƙarar wata tsohuwar a-kori-kura da kunnenta bai manta ba. Motar ta tsaya a ƙofar gidan. Tsintsiyar ta faɗi daga hannun Loretta. Dakta Elwood ya fito, ya rame, gashinsa ya yi fari fat. Ya biyo hanya tsakanin jan allo da shuɗi, hularsa a hannu, ya tsaya a gindin matakala. Denise ta fito ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu.

"Walter."

"Elwood."

"Na zo ɗaukar fatsata."

"Tana gareji."

Ba wanda ya motsa. Dakta ya juya hular a hannunsa sau biyu.

"Lauyan kamfani ya bugo mini sau uku jiya, ya ce kada in kuskura in biyo ta layin nan." Ya ɗago ya dubi Walt. "Ranar nan kamata ya yi in zaunar da kai. In cire safar gaba ɗaya, in duba, in sa a ɗebi jini. Aikin minti goma ne, ban yi ba. Laifina ne, Walt. Ka yafe mini."

Loretta ta dubi mijinta. Lauyan Walt ya sha faɗa musu a falon nan cewa in da mutumin zai furta kalma ɗaya a gaban shaida, shari'a ta ƙare. Ga shi ya furta ta duka, a gaban shaidu uku, da rana tsaka, kuma ya san abin da ya yi.

Walt ya sunkuyar da kai. Ya ajiye kofin, ya ciro hankici ya fyace hanci da ƙarfi, ya daɗe yana ninke shi. Sannan ya juyo.

"Loretta, injin yankan ciyawar maƙwabcin nan ya cika ƙara. Kin ji abin da mutumin nan ya ce?"

Layin shiru yake, ko kare ba ya haushi.

"Ban ji komai ba," in ji Loretta.

"Denise?"

"Ni cikin nan ya toshe mini kunnuwa, Baba," in ji ta, hawaye na bin kumatunta.

"To ka gani, ba wanda ya ji." Walt ya dafa kujera ya miƙe. "Ƙarar tana nan fa, kada ka ce na janye. Kamfaninka zai biya, amma ba da bakinka ba."

"Na sani."

"Kuma yarinyar nan a Janairu za ta haihu."

"Ni na ƙirga mata, Walt. Arizona ba za ta gudu ba kafin Fabrairu."

Denise ta sauko ta faɗa jikinsa, ciki da komai, har hular ta faɗi. Loretta kuwa ta ruga gareji kamar yarinya, ta fito da fatsa biyu, ɗaya ta yi ƙura, ɗayar tana ta sheƙi. Ta jefa su bayan mota tana faɗa, "Ku tafi, ku tafi ku ba ni wuri, kuma kada wanda ya dawo mini da labarin kifin da ya kuɓuce!"

Motar doguwa ce, matakinta da tsawo. Walt ya kama ƙofa, ya ɗora ƙafarsa mai lafiya, ta robar ta ƙi biyo shi. Dakta ya miƙa hannu zai tallafe shi, sai ya tsaya da hannun a iska, idonsa a kan ƙafar.

"Riƙe ni mana," in ji Walt. "Ai kai ka jawo."

Dakta ya riƙe shi da hannu biyu.